Baba Salissou Ba Ya Waiwaye a Kan Layi

Ranar Asabar, kafin motar farko ta shigo, Baba Salissou ya riga ya share filin. Filin koyon harbi ne can bayan Dir'iyya, inda gine-gine suka ƙare, rairayi ya karɓa. Doguwar rumfa ce ta kwano, tebura takwas a jere, gabansu fili mai nisan mita hamsin, a ƙarshensa tudun yashi da ke haɗiye harsashi. Bayan teburan an ja layi da fenti rawaya. Bayan layin akwai bencin masu jira. Juma'a da la'asar da Asabar da safe ake buɗe wa sababbin shiga: maigida da iyalinsa, 'yan mata, dattawan da ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Shi ke fito da bindigogin daga ma'aji, ɗaya bayan ɗaya. Ƙanana ne, harsashinsu bai kai ɗan yatsa ba, amma suna kisa. Kowacce ya ɗauko sai ya ja sakatarta ya leƙa ciki. Ido bai ishe shi ba. Sai ya zura ƙaramin yatsansa ya taɓa, ya tabbata babu komai, sannan ya kwantar da ita bakinta na kallon yashi. Ya liƙa takardun saiti. Ya goge abin toshe kunne. Ya sha shayinsa a tsaye. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Iƙamarsa, takardarsa ta izinin zama a ƙasar, mai shara ta ce. Da sharar ya fara, yana kwashe kwanson harsashi daga ƙarƙashin tebura. Kaftin Kamil, Basudanen da ke koyarwa a wurin, shi ya lura mai sharar nan yana ganin kuskure tun kafin a yi shi. Ya tsayar da shi a layi. Ba a canza takarda ba, ba a canza masa suna ba. Kaftin yana koya wa mutane yadda za su sami tsakiyar takarda. Baba Salissou yana tabbatar da cewa takardar kaɗai suka samu.

A unguwar Suwaidi, inda yawancinmu Hausawa muke zaune, ba haka muka san shi ba. Mun san shi da girman kai. Idrisu direba ne ya kawo labarin, shekarun baya. Ya kai 'ya'yan kafilinsa, Balaraben da yake yi wa aiki, filin, ya hango ɗan'uwa Bahaushe, mutumin Maraɗi, ya yi murna. Ya yi sallama sau uku. Baba Salissou ko wuyansa bai motsa ba. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama gari: Salissou ya shiga cikin Larabawa, sallamar talaka ta yi masa kaɗan. An daina matsa masa wuri a tabarma. Ya sani. Bai taɓa tsayawa ya wanke kansa ba.

Yana amsawa. Leɓensa kawai ke motsi. Abin da ba ya yi shi ne ɗauke ido daga bakin bindiga matuƙar akwai harsashi a cikinta.

Yana da wata dabara da Kaftin ya ce bai gan ta a wani littafi ba. Mutum huɗu ke harbi lokaci guda, ba zai iya tsayawa bayan kowa ba. To wa zai zaɓa? Ba mai rawar hannu ba. Mai tsoro, in ji shi, yana riƙe doka da haƙora. Tun a bakin ƙofa yake kallon masu shigowa, yana neman wanda ya fi kowa ladabi: mai gaishe da kowa, mai miƙewa don wani ya zauna, mai juyowa da dukan jikinsa idan an kira sunansa. Bayan kafaɗar wannan yake tsayawa, ta dama, taku ɗaya da rabi. Mai ladabi shi ne zai juyo da bindiga a hannu.

Kai ne ka gane haka, Baba. Mu da muka yi ta zaginka, tarbiyyarmu kake tsoro, kuma kana da gaskiya.

Waɗanda suka ga aikinsa suna da abin faɗa. Wata ma'aikaciyar ofis daga unguwar Ulaya ta zo da mijinta, da ta ji ƙarar farko sai ta fashe da kuka. Kaftin ya ce ya ga Baba Salissou ya tsaya gefenta kusan rabin sa'a, da Larabcinsa na kasuwa, yana koya mata sakin numfashi kafin ta taɓa kunama, har ta huda takarda sau biyar. Wani babban mutum kuma ya rantse bindigarsa babu komai, ya hana a taɓa ta. Baba ya ƙi buɗe fili a je ɗauko takardu. Aka yi cirko-cirko. Da aka ja sakata, harsashi ya faɗo kan tebur. Mutumin bai ce na gode ba. Baba bai jira ba.

A duk shekarun nan jinin kowa bai ɗiga a layinsa ba. Shi ne kawai abin da ya tara wanda yake so ya kai gida cikakke.

Bana ya cika sittin. Gwiwoyi sun fara ƙi. An buga masa huruj, fita ke nan ba dawowa, jirginsa ranar Laraba. Sai Kaftin ya yi masa abin da yake ganin alheri ne.

"Ya Salissou, Asabar ɗinka ta ƙarshe taka ce. Kawo mutanenka, maza da mata. Su ga abin da kake yi."

Baba ya ci gaba da goge bindigar da ke hannunsa.

"Ba ka so?"

"Ina so, Kaftin. Allah ya saka da alheri."

Kyauta ce, ba a mayar da ita. Amma tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Mutum ashirin da wani abu, dukansu namu, dukansu masu gaisuwa. Bayan wa zai tsaya?

Asabar ta zo da sanyi. Motoci uku suka shigo. Tun kafin a kashe inji aka fara: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi. Baba na tsaye a ƙofa yana kallo. Kafin su iso rumfa ya zaɓi mutuminsa. Ghali ne, direban wani gida a Ulaya, ango na wata huɗu. Shi ya buɗe wa mata ƙofar mota. Shi ya ɗauko kujerar wani. Da ya iso gaban Baba sai da ya kai gwiwa ɗaya ƙasa. Amaryarsa Hajar na bayansa, haifaffiyar nan, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Mahaifinta, Alhaji Badamasi, dattijon da ke sasanta mu idan mun yi rigima, ya aiko cewa yana hanya.

Kaftin ya yi bayaninsa da Larabci. Baba ya maimaita da Hausa, ya ƙara nasa.

"Ku ji ni da kyau. Bakin bindiga yashi yake kallo, kullum. Yatsa ba ya hawa kunama sai za ka harba. Wanda ba ya harbi ba ya ƙetare layin nan. Na ƙarshe kuma: in bindiga na hannunka, ba ka da uba, ba ka da yaya, ba ka da suruki. Ko wa ya yi maka magana, ajiye ta tukuna."

Aka kwashe da dariya.

"Ghali, ka ji ko? Yau ba ka da suruki!"

"Ashe yau sallah ce a wurinsa!"

"Ku bar ni, don Allah," in ji Ghali, yana sosa ƙeya.

Idrisu na can ƙarshen benci, hannu a harɗe. "To mu dai mun taɓa ganin wannan dokar a aikace."

Baba ya ji. Dariyar ce ta fi damunsa. Sun ɗauka wasa ne.

Rukunin farko suka harba lafiya. Na biyu ma haka. Duk harbin da ya tashi, sai ya ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjinsa, wani ya hau. Yana ta satar kallon ƙofa da gefen ido, abin da bai saba ba. Alhaji bai zo ba. Ya yi addu'a a ransa Allah ya sa cunkoson hanya ya riƙe shi har a gama.

Rukuni na uku, Ghali a tebur na biyu, Hajar a na uku, dama da shi. Suna tsaye, gwiwar hannu a kan tebur, kumatu a jikin katako. Hajar ta harba, ta sami baƙin tsakiya. Mata suka yi guɗa a benci.

"Ango, amarya ta wuce ka!"

Ghali ya ja sakata, ya tura harsashi na uku. Ya rufe ido ɗaya. Yatsansa ya hau kunama.

A daidai nan Alhaji Badamasi ya shigo. Bai ji bayani ba. Bai ga layi ba, ko ya gani ya ɗauka ado ne. Mutanen benci suka miƙe suna rusunawa, babu wanda ya iya ce masa tsaya. Wa zai ce? Ya hango 'yarsa da surukinsa, fuskarsa ta washe, ya tako ya ƙetare fentin, ya ɗaga murya don ta ratsa abin toshe kunne.

"Salamu alaikum! Ghali, ashe kai ma soja ne?"

Ghali bai yi tunani ba. Jikinsa ne ya amsa, yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Ba a ba suruki ƙeya. Ya juyo ta dama, gwiwoyinsa suka fara sauka, bindigar ta biyo shi. Bakinta ya bar yashi. Abu na farko da ke hanyarta kafaɗar Hajar ce da wuyanta. Kuma mai durƙusawa hannunsa damƙewa yake yi.

Taku ɗaya da rabi. Baba Salissou ya cafke bakin bindigar da hannun hagu ya cilla shi sama. Ta tashi. Kwanon rumfa ya yi ƙara, haske ya shigo ta wata 'yar huda.

"Kowa ya ajiye! Hannu a bayyane!" Sannan ya juya kan dattijon da duk Suwaidi ke sauke murya a gabansa. "Kai kuma koma baya! Koma, na ce! Bayan layi!"

Babu Alhaji a ciki, babu ranka ya daɗe. Alhaji Badamasi ya tsaya baki buɗe. Ya koma da baya, taku uku, a gaban 'yarsa, a gaban direbobin da yake yi wa faɗa.

Kaftin ya bi tebura yana buɗe sakata. Baba ya karɓi bindigar Ghali, ya ja sakatarta, kwanson ya faɗo, ya zura yatsa ya taɓa. Sai a lokacin aka ga jini na bin gwiwar hannunsa. Ƙarfen saiti da ke bakin bindigar ya tsaga masa tafin hannu.

Hajar ta cire abin kunnenta tana waige-waige. Ba ta ma san me ya faru ba. "Me ya faru? Baba, hannunka!"

"Ba komai, 'yata. Ke lafiya?"

"Lafiya lau."

"Taɓa wuyanki."

Ta taɓa. Ta kalli hudar kwano, ta kalli mijinta, sai ta zauna a ƙasa.

Ghali yana durƙushe inda ya sauka. "Innalillahi. Innalillahi. Baba, wallahi ban san na juyo ba."

"Na sani."

"Ba zan ƙara taɓa ta ba har abada."

Baba ya naɗe hannunsa da ƙyallen goge bindiga. "Harsashi nawa ya rage maka?"

"Baba…"

"Nawa?"

"Biyu."

"Tashi ka harba su."

Kaftin ya matso. "Kalas, ya Salissou, ya isa haka. A rufe."

"A'a, Kaftin. In ya tafi haka, wannan harbin kaɗai zai riƙa ji har ya mutu. Bari ya yi shi daidai sau biyu."

Kaftin ya dube shi, ya ɗaga kafaɗa, ya ja baya. Aka mayar da kowa benci. Ghali shi kaɗai a layi, Baba a bayan kafaɗarsa, jini na ratsa ƙyalle. Harbin farko ko takarda bai taɓa ba. Ya ja sakata. Kafin ya yi na biyu, Baba ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba.

"Idrisu! Kira sunansa."

"Ni?"

"Kira shi da ƙarfi."

"Ghali!"

Wuyan Ghali ya motsa, ya tsaya. Ya sauke yatsa daga kunama. Ya kwantar da bindigar bakinta na kallon yashi. Ya buɗe sakata. Sannan ya juyo, hannu wofi, ya ce, "Na'am."

"Yawwa," in ji Baba. "Yanzu harba."

Ta sami gefen takarda. Babu wanda ya yi guɗa. Idrisu ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Sai da bindiga ta takwas ta shiga ma'aji, aka datse kwaɗo, sannan Baba Salissou ya wanke fuska ya nufi benci. Alhaji na zaune shi kaɗai, sanda tsakanin ƙafafu, idonsa a kan hudar kwano. Baba ya tuɓe takalmi. Gwiwoyin nan da suka sa shi barin aiki, ya kai su ƙasa a hankali.

"Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da zuwa. Ina gajiya?"

Alhaji bai dube shi ba. "Malam Salissou, shekarata talatin a ƙasar nan. Ko ɗan sanda bai taɓa yi mini tsawa irin wannan ba."

"Na sani, Alhaji. A gafarce ni."

"A gaban 'yata."

"A gabanta."

"Da za a sake, za ka sassauta?"

Baba ya ɗago kai. "A'a, Alhaji."

Dattijon ya juya ya kalli layin. Ya nuna tebur na uku da sandarsa. "Can take tsaye?"

"Can."

"Ni na kira shi."

Baba ya gyara ƙyallen da ke hannunsa.

"Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya," in ji Alhaji. "Ghali! Kawo mota. Hannun mutumin nan ɗinki yake so."

An yi masa ɗinki shida. Jinin da ya ɗiga a layinsa cikin shekara goma sha huɗu ke nan, kuma nasa ne. Da aka ce masa Allah ya kiyaye, sai ya ce ai ya kiyaye.

Daga asibiti bai wuce gida ba. Ya sa Ghali ya mayar da shi filin. Wanda zai gaje shi wani ɗan Nepal ne, mutumin kirki, ya san bindiga, amma bai san mu ba. Ghali ya ce yana zaune a mota yana kallonsu. Baba ya ɗauki sandar tsintsiya ya riƙe ta kamar bindiga. Ya sa mutumin ya yi sallama daga bayansa. Ya juyo, ya durƙusa, ya nuna masa inda bakin sandar ke bi. Ya miƙe da ƙyar, dafe da tebur. Ya sake. Ya sake. Har sau bakwai, hannu a naɗe, yana cewa da Larabcinsa, "Mutanena haka suke yi. Ba mugunta ba ce. Ka tsaya a nan."

Kai ne wannan, Baba Salissou na Maraɗi. Kai ne ka yarda a kira ka mai girman kai shekara da shekaru, don kada a kira wani marigayi. Mun hana ka wuri a tabarma, kai kuma ka tsaya a bayan kafaɗar ɗanmu. Babu wanda zai ba ka lambar yabo. Takardarka har ka hau jirgi mai shara za ta ce. Mun gode. Ka yafe mana. Allah ya warkar da hannun, ya sassauta wa gwiwoyin, ya sada ka da iyalinka lafiya.

Saura mu. Hankalina bai kwanta ba, gaskiya. Filin zai buɗe Juma'a mai zuwa, kuma namu za su ci gaba da zuwa, yanzu da suka ɗanɗana. Ba filin harbi kaɗai ba ne. A cikinmu akwai mai juya ƙugiyar ɗaga kaya a gine-ginen Dir'iyya, mutane na yawo a ƙarƙashinsa. Akwai mai tuƙa 'ya'yan mutane a babban titi, wayar yayansa na ringi a aljihu. Akwai mai riƙe tsani wani na sama. Idan kai ne, gama abin da ke hannunka kafin ka amsa, ko wane ne ya kira. Idan kuma kai ne ka yi sallama ka ji shiru, kada ka kai ƙara majalisa. Dubi hannun mutumin tukuna, ka ga abin da yake riƙe da shi, ka nemi wuri ka zauna ka jira.